Zauren Baba Injiniya: "Wayata ta fi ogana sani, me zan zauna jira?"

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato ƙirƙirarriyar basirar nan da yara ke kira AI. Ta farkon za ta ci mana wuri da yawa saboda a kan teburina ta faɗo, ku yi mini uzuri.

TAMBAYA: Baba Injiniya, barka da aiki. Shekarata 19, ina zaune wajen yayana a Agege, ina koyon gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Computer Village, Ikeja. Wata 14 ke nan, har yau ogana bai bar ni na ɗora bulowa (abin hura iska mai zafi don narka dalma) a kan fanel (allon cikin waya) ba. Daga canza sikirin sai bakin caji sai aike. Da dare ina tambayar ChatGPT, manhajar AI da ke wayata, yana yi mini bayanin da oga bai taɓa yi mini ba, wani abin ma na tabbata ogan bai sani ba. Yayana ya ce zai saya mini tebur da kayan aiki. In tafi in buɗe nawa, ko in ci gaba da ɓata lokaci? Ɗanka, daga Agege.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya saka wa yayanka da alheri. Ba kowane ɗan'uwa ne ke tunanin kafa ƙaninsa a cikin wannan tsada ba. Sau biyu na karanta wasiƙarka a cikin danfo tsakanin Ikeja da gida.

Kana da gaskiya a wani gefe. Bayanin da na'urar ke yi maka a kan yadda wuta ke tashi daga batir ta rarrabu cikin waya, ko dalilin da ke sa waya ta nuna alamar caji alhali batir ba ya hawa, mafi yawansa daidai ne. Na kuma yarda oganka ba zai iya jero maka shi tsaf haka ba. Galibinmu da muka daɗe a sana'ar nan, hannunmu ya fi bakinmu magana. Ni ma ina amfani da ita, kwanan nan ita ta karanta mini takardar Sinanci da ta zo cikin kwalin wani sabon mita na auna wuta. Don haka ba zan ce ka goge ta daga wayarka ba. Amma buɗe tebur a wata na 14, ban goyi baya ba.

Na sauka Ikko a 1993. Rediyo da talabijin na fara koya a wani ɗan lungu a Idi-Araba, a hannun wani dattijo, Allah ya jiƙansa. Watannina na farko ba abin da ya ba ni sai kwali cike da matattun fanel. Ya ce in cire duk abin da ke kai, in mayar. Idan na gama ya duba, ya ce in sake. A raina na ɗauka mugunta ce. Wata rana aka kawo rediyo, kafin ya ɗauko mita sai ya miƙo mini ya ce, "Shinshina." Na ce ƙauri nake ji. Ya ce, "Ƙaurin me?" Na yi shiru. Sai da na shekara biyu kafin hancina ya raba ƙaurin taransifoma da na kwandansan da ya fashe. Babu ranar da zan nuna in ce yau ce na iya. Ɗigo-ɗigo abin ya riƙa taruwa, ni kaina ban san yana taruwa ba.

Da layukan GSM suka shigo a 2001, na bi ayari zuwa titin Otigba da ke Computer Village, ina ganin mai shekara takwas da riƙe ƙarfen sodarin ba abin da zai gagare shi. A 2004 wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Balogun ta kawo mini Nokia ɗinta da ta faɗa ruwa. Na gano abin da ya lalace, kuma ganewata daidai ce. Na ɗora bulowa, na ƙara 'yan daƙiƙu a kan yadda ya kamata, sai ƙaramin aisin da ke maƙwabtaka da wurin ya zame. (Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, aisi su ne baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke liƙe a jikin allon cikin waya, wanda muke kira fanel.) Wayar ta tafi ke nan. A cikinta akwai lambobin masu saro mata kaya da na waɗanda take bi bashi. Ba ta yi mini faɗa ba. Zama ta yi a kan benci ta yi tagumi, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Na biya kuɗin waya, amma lambobin nan ba ni da inda zan samo mata su. Fiye da shekara 20 ke nan, har yau idan na kunna bulowa ina tuna zamanta a bencin nan.

Ka lura da abin da ya kayar da ni a ranar. Sanin matsalar ina da shi, kuma shi ne abin da na'ura ke ba ka yau. Tambaye ta, nan take za ta gaya maka tsohuwar dalmar liƙi tana narkewa a digiri 183, irin wadda kamfanoni ke sa wa a fanel ɗin wayoyin yanzu kuma sai ta kai wajen 217. Haka ne. To amma bulowar teburinka ta rubuta 350, nawa ne ke isa kan fanel idan janareto na shaƙewa, fanka na kaɗawa a samanka, kuma ka ɗaga bakin bulowar da faɗin yatsa ɗaya fiye da jiya? Akwai wani ɗan lokaci da dalma ke yin sheƙi, idan ka taɓa aisin da bakin hantsaki sai ya ɗan motsa ya koma mazauninsa da kansa. Ka ja kafin wannan lokacin, ka tsinke ƙafafun fanel. Ka wuce shi, ka dafa maƙwabta. Tsakaninsu bai fi ka ja numfashi biyu ba. A ido da wuyan hannu wannan yake zama, kuma ba ya zama sai ka gan shi sau ɗaruruwa.

Ka kuma duba irin amsar da take ba ka. Ka ce mata Tecno ta ƙi kawo wuta, sai ta jero maka dalilai biyar ko shida: batir, bakin caji, maɓallin kunnawa, shot (haɗuwar layukan wuta da bai kamata su haɗu ba), aisin pawa mai rarraba wuta, manhaja. Kowanne na iya yiwuwa. Oganka kuwa zai maƙala wayar a fawa-sufulai (akwatin da ke ba ta wuta a madadin batir), ya ga allurarsa ta yi tsalle tun kafin ya danna maɓalli, ya ɗora bayan yatsa a kan fanel ya ji inda ke ɗumi, ya ce maka ga shi nan. Cikin minti biyu ya zubar da biyar ya riƙe ɗaya. Kwastoman da ke tsaye a kanka yana saurin kama motar Oshodi, wannan ɗayan yake biya.

Sannan akwai ranar da za ta yi kuskure, kuma tana yi. Da tulin rubuce-rubucen mutane aka gina ta, ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ba ta taɓa riƙe waya a hannu ba. Abin da ta sani da abin da ta ƙaga, da murya ɗaya take faɗar su, babu inda-inda. A 2023 wata kotu a birnin Niyok na Amurka ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000, saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda babu su a duniya. Lauyoyi fa, masu shekarun karatu, waɗanda da sun tsaya sun bincika da sun gane. Kai mai wata 14, idan ta ce maka layi kaza ya kamata ya nuna bolt kaza, alhali na wani samfurin waya ta ɗauko, da me za ka kama ta?

Akwai abin da ya fi wannan damuna. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, amma tun a 1983 wata masaniya 'yar Birtaniya mai suna Lisanne Bainbridge ta yi rubutu a kan masana'antun da injina ke tafiyar da kansu. Ta lura cewa idan inji ya karɓe aikin yau da kullum, abin da ake bar wa mutum shi ne lokacin da abu ya rikice har injin ya kasa. An bar masa mafi wuya ke nan, kuma an raba shi da ƙananan ayyukan da ke wasa hannunsa kullum. Ranar 1 ga Yunin 2009, jirgin Air France mai lamba 447 da ya taso daga Rio de Janeiro ta Birazil zuwa Faris ya faɗa tekun Atilantika. Ƙanƙara ce ta toshe bututun da ke auna gudun jirgi, na'urar tuƙi ta saki, ta miƙa wa matuƙa. Injinan jirgin lafiyarsu ƙalau. Matuƙin da ke riƙe da sandar tuƙi ya yi ta ɗaga hancin jirgin sama har ya rasa iskar da ke ɗauke da shi, cikin minti huɗu da 'yan kai suka faɗa ruwa. Mutum 228 suka rasu. Masu binciken Faransa, a rahotonsu na 2012, sun ambaci cewa ba a horar da matuƙan a kan tuƙi da hannu a irin wannan nisa na sama ba.

Na kawo maka zancen jirgi ne don ka sake kallon bakin cajin da kake rainawa. Kowane bakin caji da ka cire ka sa, kana koyon zafi ne a kan abin da ko ya ƙone asarar ba ta da yawa. Kowane sikirin da ka ɓamɓare ba ka tsinke siririyar igiyar da ke ƙarƙashinsa ba, yatsunka sun ƙara sanin iyakarsu. Su ne matakalar. Tsorona kada mu wayi gari da samarin da na'ura ta ɗora a kan bene ba su taka matakala ko ɗaya ba, mu tsofaffin da za su juyo su tambaya kuma mun riga mun tafi.

Yanzu bari in juyo kan oganka da ire-irenmu, kada a ce na kare 'yan'uwana. Wata 14 yaro bai taɓa bulowa ba ko a kan mataccen fanel, wannan ba daidai ba ne. Ina ganin yara a kasuwar nan da ke shekara biyu tsakanin sayo abinci da tare kwastoma a bakin titi. Wani ogan tsoro yake kada yaro ya iya ya tafi masa da mutane, wani kuwa haka aka yi masa, shi ma yana ramawa. Hannu na buƙatar lokaci, amma lokacin da aka cika da aiki. Yaron da aka bari yana gadin shago, ko shekara goma ya yi ba abin da zai taru. Dattijon da ya koya mini ya jinkirta ni, amma kullum da fanel a gabana. Mu da muka ƙi buɗe baki mu yi wa yara bayani, mu muka tura su wajen na'ura da dare, kuma ranar gobe za a tambaye mu amanar 'ya'yan mutane.

Ga shawarata. Ka ɗauki yayanka ku je wajen oga, da ladabi, ranar da kasuwa ba ta cika ba. Ku gode masa, sannan ku nemi a sa lokaci: wata kaza zai fara ba ka aikin fanel, wata kaza za a yi yaye. Kuɗin teburin nan kuma a tsakura a saya maka bulowa mai sauƙin kuɗi, da mita, da hantsaki, da leda guda ta matattun fanel daga wajen 'yan sikirap. Kullum bayan isha'i, awa ɗaya: cire, mayar, cire, mayar.

Ka kuma sami littafin rubutu. Duk wayar da ta shigo shago, kafin ka taɓa ChatGPT, rubuta abin da kake zato, ka auna da mita, ka rubuta abin da ka gani. Sai bayan nan ka tambaye shi. Idan an gama gyara, ka rubuta wa ya canka: kai, ko shi, ko oga. Kada ka juya wannan jeri. Idan ka tambaya tun ba ka yi zato ba, amsar za ta bi ta kanka ta zube kamar ruwa a kwando. Idan ka yi zato ka faɗi, sannan ka ga daidai, to ta zauna.

Idan oga ya ƙi, ka canza oga. Computer Village ba ta rasa masu tsoron Allah ba, cikin Hausawa da Ibo da Yarabawa. Ranar da ka cire aisin caji ka mayar a fanel goma a jere ba ka motsa maƙwabcinsa ba, kuma ka kama na'urar da kuskure har ka iya faɗin inda ta kauce, ka rubuto mini. Da ƙafata zan zo in sa albarka a teburin.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. 'Yata tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Duk aikin gida da aka ba ta da waya take yi, minti goma ta gama, makinta kuma ya hau. Ni ban yi nisa a boko ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In karɓe wayar? Uwa, daga Idi-Araba.

AMSA: Hajiya, ina amsawa. Kada ki karɓe wayar, za ta ari ta ƙawarta, ke kuma ki rasa hanyar shiga lamarin. Amma zuciyarki ba ƙarya ta gaya miki ba, kuma ba sai kin yi boko za ki gane ba, tunda kin yi allo.

Ki tuna yadda ake yi. Yaro ya rubuta, a biya masa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan a wanke allon. Ba a wankewa sai an tabbata abin ya koma ƙirji. Bugaggen Alƙur'ani ya daɗe a kasuwa, yanzu kuma kowace waya na iya karanto miki surar da kike so da muryar makarancin da kike so, amma ba wanda ya taɓa kiran mai waya alaramma. Har gobe sai an bi ta ƙolo, a zama titibiri, a zama gardi, shekaru na tafiya, kafin a kai inda mutum zai ji an tsallake harafi ɗaya daga bayan sahu ya gyara. Irin wannan kunnen ake nema wa 'yarki, sai dai nata a gefen gadon marar lafiya zai yi aiki. Ƙarfe uku na dare, likita na wani ɗaki, yaro ya canza numfashi. Ko an rubuta adadin allura, idonta ya faɗa kai ta ji a jikinta cewa wannan ya yi wa jaririn nan yawa. Wannan jin ba ya zuwa sai ga wadda ta yi lissafin da hannunta har ya zame mata jiki.

Ƙwararru ma abin na taɓa su. A 2025 an wallafa wani bincike daga ƙasar Poland a ɗaya daga mujallun likitanci na Lancet, a kan likitocin da ke leƙa hanji da kyamara don gano tsiron da kan iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Bayan 'yan watanni suna aiki da na'urar da ke nuna musu inda tsiron yake, aka duba aikin da suka yi ba tare da ita ba. A da suna gano tsiro a kashi 28 cikin ɗari na waɗanda suka duba, sai ya sauka zuwa kashi 22. Bincike ɗaya ne, masana za su ci gaba da tattaunawa a kansa. Amma ki duba, waɗannan mutane ne da suka riga suka iya, idon nasu ya ɗan yi sanyi. Ina ga wadda nata bai gama buɗewa ba?

Abin yi yana hannunki. Idan ta gama aikin, ki ce ta kife wayar ta yi miki bayaninsa da Hausa, yadda za ki gane. Duk inda ta faɗi abu, ki ce, "Me ya sa?" Idan ta amsa, ki sake cewa, "Me ya sa?" Wanda ya fahimta yana iya juya ilminsa zuwa harshen uwarsa, wanda ya kwafa kuwa a tambaya ta biyu yake tsayawa. Idan ta tsaya kada ki kunyata ta, ki ce ta je ta duba ta dawo. Ki kuma ba ta shawara ta juya aikin, ta sa na'urar ta riƙa yi mata tambayoyi tana amsawa da ka. A nan na'urar tana da amfani ƙwarai, ba ta gajiya, ba ta tsawa. Lissafin magani kuwa, biro da takarda tukuna, kullum. Allah ya sa ta zama sanadin sauƙi ga bayinsa.

TAMBAYA: Injiniya, ni dillalin albasa ne a Mile 12. Ɗana ya ci jarrabawa yana son karatun likita, amma ana ta cewa nan da shekara biyar na'ura za ta karɓe wannan aiki. Shekara shida da kuɗi ba wasa ba ne. In jawo shi kasuwa? Alhaji, daga Mile 12.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Wannan "shekara biyar" an daɗe ana faɗinta. A 2016, Geoffrey Hinton, malami a Jami'ar Toronto ta Kanada kuma ɗaya daga iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton jikin marar lafiya, domin cikin shekara biyar na'ura za ta fi su. Ba ƙaramin masani ba ne, yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2024. Shekarun sun cika har an ɗora, asibitoci na nan suna neman waɗannan likitoci, da yawansu kuma da na'urar a gefensu suke aiki. Aikin zai canza kama kafin ɗanka ya fito, wannan babu shakka. Amma a ƙasar da marar lafiya ke yini a layi kafin ya ga likita, ban hango ranar da za a ce ɗanka ya yi yawa ba. Ka bar shi ya tafi.

Sai dai idan ya zo hutu kada ka bar shi a ɗaki. Kai da ka shekara da shekaru kana tarbar motocin Aliero da Sakkwato, ka san buhun da zai kai mako biyu da wanda zai fara ruwa jibi tun kafin a kwance bakinsa, kuma na tabbata ba ka taɓa zama ka faɗa wa kowa yadda kake ganewa ba. Ka fito da shi da asuba lokacin sauke kaya. Ka sa ya tura hannu cikin buhu, ya matsa, ya shinshina, ya faɗi kwana nawa albasar za ta yi. Kai ma ka faɗi naka. Ku rubuta a jikin bango da gawayi, ku jira.